Na'urar da Ta Ce Ba Na Son Ki

Zuwa ga Hamdiyya, farin watan garin Jabo, ruwan farko bisa gonar gero, inuwar tsamiya ranar kasuwa. Gaisuwa irin ta mai jiran amsa.

Madalla da gidan nan na kimiyya da fasaha da Yaya Gazali ya kai mu a birni! Kai, masu ilimi sun yi ƙoƙari! Ga taurari an rataya a rufin ɗaki da rana tsaka, ga ƙwarangwal tsaye ba kunya, ga ƙwallon ƙarfe mai tayar da gashin mutum kamar ya ga kura. Sannan ga sarauniyarsu can saman bene, na'urar da ake sa wa yatsa ta zana bugun zuciya a allo. Allah ya saka wa maƙerinta, mutumin da ya raba ni da ke bai taɓa ganina ba.

Kin tuna? Kina tsaye gefena, turarenki ya cika wurin, na sa yatsa, layin ya tafi a natse kamar garken da ya ƙoshi yana komawa gida. Namadi ɗan kawunki, mai neman ki shi ma, ya sa nasa, layin ya yi ta tsalle kamar ɗan akuya. Kika dubi allo, kika dube ni, kika gyara mayafi. Tun ranar ba ki ƙara ɗaga wayata ba, ga shi Babanki ya ce bayan girbi zai ji wanda kika zaɓa.

Ya sanyin idona, ni fa dillalin shanu ne! Tun ina ƙarami aka koya mini, in dabba ta kwanta maka a rai, ka dubi wata, ka ɗaure fuska, ka hana zuciya motsi, don mai ita jijiyar wuyanka yake kallo. Ban ce ke saniya ce ba, tsarki ya tabbata ga wanda ya yi ki! Amma abin da nika so ƙwarai, shi nika yi wa sanyi. Ina ƙarfe zai san wannan?

Namadi kuwa, ba ki lura ba, da gudu ya hawo benen yana haki.

Ki ɗaga waya, ya kurciyar fadama. Ni naki ne har ranar da za a daina cin kasuwar Tambuwal.

Lauwali.

In kuma shi kika zaɓa, Allah ya sa albarka. Sai dai gidansu na Fakku ba shi da bene. Me zai riƙa hawa kullum kafin ya so ki?