Hadiza Ta Haddace, Larai Ta Gane

Daren Laraba, Shinkafi, damina ta shekarar 2000

Na kasa cin tuwo. Tun da aka raba ajin maza da na mata aka haɗa mini ’yan mata duka, kuma har yau ban san yadda zan koya musu Turanci tare ba.

Yau sufeto ya shigo ajina daga Gusau. Hadiza, ’yar gidan malamai, ta miƙe ta karanto labarin manomin da ke littafinmu na Turanci da ka, tiryan-tiryan kamar tana biya allo. Ya yi ta yaba mata. Ni kuwa na san ko kalma ɗaya aka ce ta fassara, ba za ta iya ba.

Sai ya tambayi dalilin da ya sa manomin ya yi kuka. Larai, wadda ke takowa daga Katuru kullum, ita kaɗai ta ɗaga hannu. Ta san amsar, na gani a idonta. Amma in’ina ta riƙe ta, aji ya fashe da dariya, sufeto ya ce ta zauna.

Da aka tashi na tsayar da ita a bakin ƙofa. Ta ce, “Malama, mi za ni zo yi gobe? Gara in bi Inna gona.”

Na ce ta zo, zan saurare ta ita kaɗai a ƙarƙashin dalbejiya. Ta juya ta kama hanyar Katuru.

Ya Allah, ka kawo mini yarinyar nan gobe. Ita ce kaɗai ta fahimci abin da nake koyarwa.