Dada Tana Tambayar Tumakinta

Hamma Joda,

Bayan gaisuwa, ya Adda Jumma da yara, ya mutanen Gabukka? Mu nan Alƙahira lafiya lau. Kujerar asibitin da nake kwana a kai ma mun saba, ƙafafuna ne kawai ke ɗan kumbura.

Saƙonka ya iso, wai in dawo da Dada ta cika a ɗakinta. Har likkafani ka saya! Hamma, rai a hannunka yake? Uwarmu ce fa, kuma tana numfashi!

Jiya ta sha kunu cokali uku, ta tambaya ko ana ba tumakinta dusa. Na ce ana ba su. Kada ka maishe ni maƙaryaciya.

Allah ya bar zumunci. Likkafanin kuwa ka adana, ba mu san na wa ba ne.

Ƙanwarka,
Bilkis