Abin da ke Tsalle a Ƙirjina

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma ta yi. Na gama yi wa wani aski, na zauna ina jiran na gaba, sai zuciyata ta yi tsalle, ta ɗan tsaya, ta ci gaba da gudu. In ina tsaye da almakashi lafiya lau. Sai in na zauna take yi.

Laraba, 5 ga Maris
Ban gaya wa uwar yara ba. Me zan ce? Haka abin ya fara wa Yaya a bara, yana cewa ba komai, har ya faɗi a wurin aiki bai tashi ba.

Asabar, 8 ga Maris
Shago cike. Kofi na yi ta zuba wa cikina tun safe, ga maganin mura da nake sha don hanci ya buɗe. Da yamma ina gyara wa wani tsohon direba gemu sai zuciyar ta buga da ƙarfi, reza ta kusa kuccewa. Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Mai aski, wuyan nan guda ɗaya gare ni fa." Muka yi dariya. Tawa ba ta kai ciki ba. Na shiga bayan labule na daɗe ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi.

Talata, 11 ga Maris
Uwar yara ta kama ni da yatsu a wuya ina lalubar jijiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Baban yara, ka ga matar Yaya yadda ta koma? Gobe asibiti."

Laraba, 12 ga Maris
Sun manna mini wayoyi a ƙirji, sun ɗebi jini. Da gangan zuciyar ta yi lamo kamar ba ita ba. Munafuka. Sai suka rataya mini wata ƙaramar na'ura in wuni in kwana da ita.
Likitar ta yi tambayoyi har na gaji. Kofi? Barci? Magunguna? Na taɓa suma? Da na ambaci Yaya sai ta ajiye biro ta tambaye ni yaushe abin ya fara mini. Na ce ban riƙe ba. Ƙarya nake.

Litinin, 17 ga Maris
Jira. Na yi wa mutum saisaye alhali ƙwal-kwabo ya ce.

Alhamis, 20 ga Maris
Sakamako ya fito. Jinina bai yi ƙasa ba, ba alamar maƙoƙo, hoton zuciya ma lafiya. Likitar ta ce bugu ne ke shigowa kafin lokacinsa, kuma a zaune mutum ya fi jin sa don ba abin da ke ɗauke hankali. In rage kofi, in bar maganin murar nan, in riƙa barci da tafiyar ƙasa. Amma in ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya kwashe ni, kada in tsaya shawara da kowa, in garzayo asibiti.
Ina bakin ƙofa ta ce, "Kana da wanda kake yin zancen yayanka da shi?" Na ce shago na jira.

Litinin, 24 ga Maris
Ba kofi. Kai kamar ana sara, na yi wa kowa tsawa. Ta yi tsalle da rana, amma ba kamar da ba.

Lahadi, 30 ga Maris
Na fita tafiyar da likita ta ce. Ba gidan Yaya na nufa ba, hanya ce ta bi ta nan. Tun rasuwar ban taka ba.
Matarsa ta buɗe, ta ce, "Ƙanina, ashe kana gari." Ta kawo ruwa. Ba wurin zama sai kujerarsa, na zauna. Ta ba ni labarin yadda yake ɓoye tsoron allura, na ba ta na ranar da na koyi aski a kansa ya yi sati da hula. Muka yi dariya, sai kuma wani abu daban.
Zuciyar ta buga nata a tsakiyar hira. Na ji ta. Ban kai hannu wuya ba, labarin bai ƙare ba.
Ta ce in dawo da yaran. Na ce sai na gani. Na dai ce wa uwar yara ta wanke musu kaya.