Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Safana, Laraba

Yaya Jinjiri,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, in Allah ya sa Surajo direba ya samu shigar maka da wannan takarda inda aka tsare ku a Jidda. Inna tana gaishe ka, wato ta tambaye ni ko wancan yana samun abinci.

Na yi waya da lauyar ƙungiyar da ke taimakon baƙi. Ashe haƙƙinka da yawa. Uban gidanka ba shi da ikon riƙe fasfonka, kuma shi ya bar bizarka ta mutu, ba kai ba. Kana iya kai ƙara kafin a koro ka hannu rabbana. Na ji daɗi ƙwarai: ɗan'uwana yana kwana a siminti, amma doka tana bayansa.

Abu ɗaya ya rage. Tunda ba a barin lauyar ta gan ka, sai mahaifiyarka ta wakilta ta a bidiyo, ta ambaci cikakken sunanka da bakinta. Ka san ɗan fari ne kai, kuma sunan surukinta ka ci. Jiya na je ƙauyenmu Darini na roƙe ta har da kuka. Ta ja mayafi ta tafi duba awaki. Digirina bai taɓa tsallake zauren gidanmu ba.

An ce jirgin korarru zai tashi ƙarshen wata. Yaya, na rasa dabara.

Ƙanwarka,
Ramlat

Batsari, Lahadi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya haƙuri?

Yau Inna ta hau babur don ra'ayin kanta muka zo Batsari neman sabis ɗin waya mai ƙarfi. Ta zauna gaban waya kamar mai jiran hukunci. Lauyar ta tambaya, Inna ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce Sharfaddin. Ban taɓa jin sunan da nauyi haka ba. Ta ƙara da cewa ɗanta ne, a ba ta abinta.

Da na duba wayar, hoton lauyar ya daskare tun kafin Inna ta buɗe baki. Ba wanda ya ji sai ni da mai cajin waya.

Ban gaya mata ba tukuna. Gobe za mu dawo. Ka yi addu'a ta iya sau biyu.

Taka har kullum,
Ramlat