Ba Zan Ce Wasa Nake Yi Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, yau kwana huɗu ba mai yi mini magana a gidanmu sai in za a aike ni.

Shekarata goma sha uku, bana na shiga sakandare. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙo ya yi sallama ɗaki nake shigewa. Yayana injiniyan gini ne, a teburin falo yake aiki. Idan ya zana ginshiƙi da harsashinsa a kwamfuta, sai a yanka zanen ƙanana-ƙanana kamar tubala, a ɗora masa nauyi, wurin da zai sha wuya ya yi ja. Shi ya koya mini yankan, don yana ƙyuyarsa. Ya ce doka ɗaya ce, kusurwar kowane tubali ta haɗu da ta maƙwabcinsa, in ba haka ba kwamfutar ba ta san a manne suke ba.

Ranar Talata yana aikin ƙafafun tankin ruwa na wata makaranta. Na leƙa na ga tubalan ƙafa ɗaya manya, na harsashinta ƙanana, yawancin kusurwoyin ba su haɗu ba. Sau uku ina buɗe baki maganar tana maƙalewa. Da ya fita sai na sake yankawa, na adana a kan nasa. Lambobin da kwamfutar ta fitar suka saɓa da waɗanda ya riga ya rubuta zai kai wa ogansa.

Da ya gano ni ce, ya kira ni injiniyar tsakar gida, ya sa wa kwamfutar lambar sirri. Umma ta ce in durƙusa in ce wasa nake yi hannuna ya taɓa. Wallahi ba zan faɗa ba, ko za a shekara ba a kula ni ba. In na ce wasa ne zai mayar da zanen yadda yake a da, kuma yara ne za su riƙa tsayawa a ƙarƙashin tankin nan.

Autar gida

'Yata auta, kada ki ce wasa ne. Ƙarya ce, kuma mai haɗari.

Amma kina da laifi. Aikin da mutum zai sa wa hannu, wuyansa ne a ciki, ba a taɓa masa shi a ɓoye. Da ke ce kika kuskure, wa za a kama? Kunya ta hana ki magana, sai ta sa ki abin da ya fi maganar nauyi. A kan wannan ki ba shi haƙuri, har zuci.

Ni ban san aikin ba, ba zan ce ke ce da gaskiya ba. Tunda baki ya gagara, zana kusurwoyin a takarda, ki ba shi daga ke sai shi, ki roƙe shi ya duba kafin ya miƙa aikin. In ya ƙi, ki gaya wa Umma zancen yaran ƙarara. Ina zaton rabin fushinsa kunya ce, don dokarsa kika kama shi da ita.

Allah ya daidaita ku, ya ƙara wa idon nan naki kaifi. Gaba in kin gani, ki faɗa, ko da murya tana rawa.