Dutsen Kaka da Baturen Majami'a

Ingila, 9 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga Baba Malam Yari, Kwarbai, Zariya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ina fatan Inna da Maimuna suna lafiya. Ni lafiya lau, sai ɗan tari. Kada a gaya wa Inna.

Bayan darasi ina taya wani Bature, Dakta Alfred, hawa tsani muna duba zane-zanen bangon wata tsohuwar majami'a, wai ko agogon inuwa ne na mutanen dā. Na ce masa na bangon arewa ba agogo ba ne, tunda rana ba ta leƙa shi da azahar. Ya ce ina na koya? Tsautsayi ya sa na ba shi labarin dutse mai ƙusa da Kaka ya kafa a bangon tsakar gidanmu don gane lokaci da inuwar ƙusar.

Tun ranar yake ta dafa mini shayi, yana tambayar hanyar Kwarbai. Baba, na ga ofishinsa, cike yake da ƙyamare da allunan da ya kwaso daga gidajen mutane.

In ya zo da sunana a baki, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi fura. Amma iyakarsa zaure.

A sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Isma'ila