Ɓauren da Na Tsinka a Bakin Hanya

Withington, Manchester

Zuwa ga Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara. Ya jikin naki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Baban Ruƙayya yana ta fama da aikin asibiti, Abdulmuhaimin ya koma jami'a a Salford, ita kuma Ruƙayya tana Birmingham wajen aikinta. Ita ce ma ta tara mu kafin hutu ya ƙare, ta kai mu Italiya, ta ce ƙafata tana bukatar rana, tunda likita ya ce in riƙa tattaki.

Yaya, wani ɗan ƙauye ne a kan tudu muka sauka, gidajen duk na dutse, lungunan ko mota ba ta shiga. Tsofaffi sun fi yawa. Da hantsi za ki gan su zaune a dandali kamar majalisar ƙofar gidan Baba, kowa ya wuce sai an gaisa, abin da na yi kewa a Manchester. Da azahar kuma a rufe shaguna a tafi ƙailula. Kullum da safe muke fita, wata rana bakin wani tafki, wata rana wani tsohon gari mai ganuwa da ya tuna mini Kano, wata rana kasuwar ƙauyen da ke maƙwabtaka, inda na ga cuku iri-iri. Mai gidan da muka kama ya ba ni ɗanyen zaitun daga bishiyarsa, na gatsa da bisimilla, ashe ɗacinsa ya kai na maɗaci, yaran suna ta dariya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Wata yamma muna dawowa daga tafkin, na ce a sauke ni in taka. Sai Ruƙayya ta nuna mini wata bishiya a bakin hanya, ta ce ai ɓauren da aka ambata a surar nan ta Alƙur'ani ke nan, wadda ni da ke muka wanke a allo gaban Malam Ɗahiru. Ban yi wani tunani ba na tsinka, kamar yadda muke tsinkar kanya a hanyar gona, na ci, na ƙara. Zaƙi kamar zuma. Sai da muka sha kwana na ga katanga da ƙofa da kwaɗo. Ashe reshe ne ya leƙo daga lambun wani.

Baban Ruƙayya ya ce malamai sun yi rangwame ga mai wucewa idan bai yi guzuri ba. Na ce na sani, amma zuciyata ba ta kwanta ba, haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don ya yi ƙanƙanta, ga shi jibi za mu bar ƙasar. Washegari ce ranar da aka ware don zuwa babban birni, Ruƙayya ta daɗe tana ɗokinta. Abdulmuhaimin ya ce Umma za ta kai kanta kotu a kan ɓaure. Na ce su tafi abinsu, ni zan nemi mai lambu. Ruƙayya kuwa ta ajiye jakarta ta zauna tare da ni. Allah Ya yi mata albarka.

Muka yi ta yawo, wayarta tana yi mana tafinta. Mai burodi ya ɗauka saye nake so, ya ɗebo mini na gidansa. Tsofaffin dandali suka yi ta gardama a kan lambun wa nake nufi, har ɗaya ya tashi da sandarsa ya raka mu gidan wata dattijuwa, Assunta. Ta ce lambun na ƙanenta ne, ya rasu bara, ɗansa yana can Milano ba ya zuwa. Da ta gane abin da ya kawo ni, sai ta ce tun rasuwarsa babu wanda ya tambayi na wane ne. Ta ɗauko mabuɗi ta kai mu. Yaya, ɓaure ne zube a ƙasa yana ruɓewa, don ita hannunta ba ya kai wa. Ta tsinko na ƙasa-ƙasa tana miƙo mini, ni kuwa na riƙe hannuna, domin ba ita ce magajiya ba.

Sai ta buga wa ɗan marigayin waya. Da farko ya yi dariya, ya ce in cinye bishiyar ma. Na ce Ruƙayya ta roƙe shi ya furta cewa ya yafe wanda na riga na ci. Ya faɗa, ya ƙara da cewa mahaifinsa da gangan yake barin reshen nan ya leƙa hanya saboda masu wucewa, ya hana a sare shi. Sai a lokacin na karɓi na hannunta. Muka wuni muna tsinka, Ruƙayya a kan tsani, mu tsofaffi muna tara a kwando, aka raba wa maƙwabta. Ban ga babban birnin ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Alhamdu lillahi.

Ki gaishe mini da Malam, da Fauziyya da maigidanta, da Nazir, da 'yar lelena Mero. Ki ce wa Inna Hana ina nan tafe bayan Sallah in Allah Ya kai mu. Ki sa mu a addu'a.

Wassalam,
ƙanwarki, Sa'adiya